Ƙofar da Ya Manta Bai Rufe Ba

Ranar da ya fara ganinta, zagin laftof take yi. Ba da ƙarfi ba, don 'yar gidan mutunci ce, amma duk wanda ya taɓa zaman jiran abu ya sauko daga intanet ya san irin zagin nan da ake yi ƙasa-ƙasa, haƙora a datse.

Kamfanin intanet ne ya turo shi, saboda an kai ƙorafi daga gidan cewa layi ya yi nauyi. Ya yi sallama a bakin falo da jakar kayan aiki a kafaɗa. Ta ɗago kai, sai ya nemi abin da ya zo faɗa ya rasa.

"Kai ne mai gyaran?" ta ce. "To shigo ka ga abin kunyar kamfaninku. Kashi uku cikin ɗari, nan ya tsaya kamar an dasa shi."

Ita ce auta a gidan, kuma Auta kowa ke kiranta. Tana shekarar ƙarshe a makarantar koyon aikin jinya, jarrabawa ta matso, wata jami'a kuma ta saki bidiyoyin darussanta kyauta ga mai so. Sai dai fayil ɗin ƙato ne, ta torent kawai ake samunsa.

Ya duba layin, lafiyarsa lau. Ya jawo kujera nesa da ita kaɗan ya zauna.

"Torent ba kamar saukewar da kika saba ba ce," ya ce. "Ba daga wuri ɗaya yake zuwa ba. Duk mai guntun fayil ɗin a duniya yana miƙo miki, ke ma kina miƙa wa wasu abin da kika samu. Yanzu ke kina iya zuwa wurinsu, amma su in sun zo wurinki, rawutar gidanku, akwatin nan da ke raba muku intanet, ta tare hanya."

"Wato rowa ce ta hana ni samu."

"Ni dai ban faɗa ba."

Ta yi dariya, shi kuma daga nan hankalinsa ya rabu biyu.

Ya goge manhajar da ta sauke, wadda ta cika mata allo da tallace-tallace, ya sa mata wata mai tsabta. Ya zaɓi lamba ɗaya ya rubuta a cikin manhajar, sannan ya shiga saitin rawuta don ya buɗe ƙofa mai wannan lambar, ya nuna wa ƙofar hanyar laftof ɗin. Ya gwada, gwajin ya ce a rufe take. Ya sake, a rufe.

Akwai wani maɓalli da masu wannan aiki ke taɓawa idan suna neman inda matsala take. Idan ka kunna shi, rawuta tana buɗe duk ƙofofinta ta tura kowane baƙo wurin na'ura ɗaya. Na gwaji ne kawai, ana kunnawa a duba a kashe. Ya kunna. Nan take kashi uku ya zama huɗu, ya zama bakwai. Sai ya gano ashe lambar ce ya rubuta ba daidai ba, don lokacin yana kallon wani wuri. Ya gyara ta.

"Kai! Yana gudu!" Ta matso da kujerarta har kafaɗarsu ta kusa haɗuwa.

Abu biyu suka rage masa. Ya kashe wancan maɓalli, sannan ya ɗaure wa laftof ɗin adireshin da rawuta ke gane ta da shi, don kada ya sauya. A daidai lokacin aka yi gyaran murya a bakin ƙofa.

Baban Auta ne. Dogon mutum mai sayar da kayan gini, wanda ko gaisuwa yake amsawa sai ka ɗauka ka yi laifi. Ya kalli kujerun biyu, ya kalli tazarar da babu a tsakaninsu.

"An gama gyaran ne, ko hira aka koma?"

"An gama, ranka ya daɗe."

Ya tattara kayansa a gurguje, ya fita har yana tuntuɓe da takalmi. Ya tafi da lambar wayar Auta, wai ko matsalar za ta dawo. Abubuwan nan biyu kuwa bai yi ko ɗaya ba, kuma bai sake tuna su ba.

Da yamma saƙo ya shigo masa.

"Kashi ɗari. Allah ya yi wa hannunka albarka, Injiniya."

Ya mayar: "Amin, Malama Kashi Uku. Kada ki rufe manhajar, ki bar wasu su ɗiba daga wurinki. Wanda ya ci shi kaɗai, shi kaɗai zai mutu."

"To wa ya ce maka ni marowaciya ce?"

"Ke kika faɗa da bakinki."

Daga nan matsalar intanet ta yi ta tasowa a gidan ba gaira ba dalili. Yau wayfay ba ya kaiwa kicin, gobe firinta ta ƙi magana. Shi ma ba ya tambayar gaskiyar zancen, jaka kawai yake ɗauka.

A haka ya saba da Kaka, mahaifiyar Baba, wadda ta raini Auta tun rasuwar mahaifiyarta. Idanunta sun dushe, amma kunne da baki suna nan garau.

"Angona ya zo?" takan ce idan ta ji takunsa. "Ka ce wa yarinyar nan ta daina wahalar da kanta, ni ka zo gani."

"Ai ta sani, Kaka. Kishi ne kawai yake damunta."

A saman kabad ɗin ɗakin Kaka akwai wata 'yar farar kyamara mai juya kai, mai lasifika a ciki. Tun da tsohuwar ta taɓa zamewa ta faɗi babu kowa a gida, Baba ya sa aka kafa ta, don ya riƙa leƙo ta a waya daga shago yana yi mata magana. Wanda ya kafa ta ɗan aminin Baba ne, mai shagon kyamarori. Auta na ce masa Mai Turare, don ƙamshinsa ke riga shi sallama. Shi Baba yake wa sha'awar Auta, kuma bai ɓoye ba.

"Ga yaro da shagonsa da motarsa," ya ce mata, "kin tsaya wa mai hawa rufin mutane yana jan waya."

"Baba, shi nake so."

"So ba ya riƙe gida."

Kaka ce ta yi ta yi masa magana, yau da lallashi gobe da faɗa, har ya sauko da ƙyar. Ya ce idan an gama jarrabawa yaron ya turo manyansa, amma a sani ko kuskure ɗaya ya gani, maganar ta mutu.

"Zumata, yau ƙafata ba ta taɓa ƙasa," Injiniya ya rubuto mata.

"Ka dai taka a hankali. Baba ido ya zuba maka."

Ana cikin haka aka yi ruwa da iska wata safiya, aka ɗauke wuta. Da ta dawo, rawuta ta tashi ta sake raba wa na'urorin gidan adireshi, kamar yadda take yi. Laftof na jakar Auta a makaranta. Adireshinta na dā sai ya faɗa kan kyamarar ɗakin Kaka, kuma duk ƙofofin da aka bari a buɗe suka koma kallon gadon tsohuwa. Babu wanda ya sani.

Kaka ce ta fara ji. Da rana tsaka, gida shiru, sai ta ji wani ɗan ƙara a saman kabad, kirrr, kamar abu na juya wuya. Ta ce ko ɗanta ne, ta kira shi. Ba a amsa ba. Sai numfashi, sannan wani siririn fito.

Da ta faɗa, Baba ya ce shi bai buɗe waya ba ranar, ƙila ɓera ne. Auta ta ce ko maganin hawan jini ne ke sa ta mafarki. Wannan maganar ta daɗe tana cin Auta a rai daga baya.

Wata la'asar Auta na shafa wa Kaka mai a ƙafa, suna hira, sai kyamarar ta juyo. A hankali ta juyo, ta bar ƙofa ta tsaya a kansu. Wata murya ta namiji ta yi magana da yaren da ba su taɓa ji ba, ta yi dariya. Sannan ta ja kalma ɗaya, wadda ta koya daga bakin Auta.

"Kaaaka. Kaaaka."

Kwalbar man ta suɓuce ta fashe. Auta ta zabura ta miƙe tsaye. Kaka kuwa ba ta ko motsa ba. Ta riƙe hannun jikarta da wani irin sanyi ta ce, "Kin ji ko? Kullum haka yake kirana. Lokaci ne ya yi, 'yar nan. Waɗanda suka riga mu gidan gaskiya ne."

Baba ya baro shago a guje, ya fizge wayar kyamarar daga bango, ya kira Mai Turare. Shi kuwa ya zo ya jujjuya ta, ya daki ƙirji a gaban kowa.

"Baba, na rantse kyamarata lafiyarta ƙalau. Babu mahaluƙin da zai iya shiga cikinta. Duk abin da aka ji, ba daga ita ba ne."

Kansa ya wanke, amma da wannan rantsuwar ya gama da Kaka. Tunda mai abu ya ce ba na'ura ba ce, to ai ta san ko mene ne. Aka fitar da kyamarar, aka canza wa Kaka ɗaki, duk a banza. Ta daina cin abinci. Ko kofi ya motsa a kicin sai ta zabura ta kama salati. Ta fara kiran 'yan uwa a waya tana neman gafara.

"Injiniya, ina tsoro," Auta ta rubuta masa. "Gidanmu ya zama wani iri. Ko wanka zan shiga sai na ji kamar ana kallona. Don Allah ka zo ka duba."

Ya zo da hantsi, Baba na shago. Ya shiga saitin rawutar, shafin ya buɗe, sai ya ji kamar an watsa masa ruwan sanyi. Maɓallin na nan a kunne tun ranar farko. Ya duba adireshin, ya ga wa yake nunawa. Ya kashe maɓallin, ya zauna ya dafe kai.

"Mene ne?"

"Ni ne, Auta. Ni na bar shi a buɗe."

Ya yi mata bayani tiryan-tiryan. Akwai mutanen banza a duniya da ba su da aiki sai laluben irin waɗannan ƙofofi. Wani ya samu tasu, ya tarar kyamarar na ɗauke da kalmar sirrin da ta zo da ita daga kamfanin da ya ƙera ta, ba a taɓa canza ta ba, ya shige.

Ta kama hannun rigarsa. "To ai ka rufe. Shi ke nan. Ka ce laifin Mai Turare ne, ai shi bai canza kalmar ba. Ba ƙarya ka yi ba."

"Rabin gaskiya ce. Da ban buɗe ba, ko babu kalmar sirri babu mai isa wurinta. Kuma Kaka ta ji shi ya rantse. In na ce shi ne, zai ce kishi ne, ita kuma ba za ta yarda da kowa ba."

"Ka san abin da Baba ya ce. Kuskure ɗaya."

"Na sani."

"In ka faɗa, ka rabu da ni ke nan. Ashe son naka bai kai ka yi shiru ba?"

Gaskiya ita ce shi ma tsoro yake ji, tsoron da ya fi nata. Ya ɗauki jakarsa ya fita, kuma kwanaki suka wuce babu wanda ya rubuta wa wani. Yakan ɗauki waya ya rubuta "Zumata" ya goge. Abinci ya daina yi masa daɗi, yana kan tsani yana aiki sai ya ji muryar nan da bai taɓa ji ba tana kiran Kaka.

Auta kuwa abin da ta karanta ne ya hana ta sukuni. Ta san ma'anar busasshen harshe. Ta san ma'anar fatar da aka ja ta ƙi komawa, ruwan jiki ne ke ƙarewa. Kullum tana riƙe wuyan hannun Kaka tana jin bugun yana ƙara rauni, tana kuma sane da cewa maganin na cikin bakinta ta danne. Ranar da Kaka ta zare zobenta ta sa mata a tafin hannu ta ce, "Riƙe, kada a yi rigima a kansa bayana," Auta ta shiga banɗaki ta yi kuka mai isarta. Sannan ta ɗauki waya.

"Ka yafe mini abin da na ce. Kaka ta ba ni zobenta. Ka zo ka faɗa. Ina tsoro kamar zan mutu, amma ka zo."

Amsa ta shigo nan take: "Ina bakin layinku. Dama yau na yi niyya, ko kin yarda ko ba ki yarda ba."

Baba na zaune a bakin gadon mahaifiyarsa da kofin shayin da ta ƙi karɓa. Injiniya ya durƙusa a ƙasa.

"Baba, Kaka, ku gafarce ni. Muryar da aka ji a gidan nan ta mutum ce, kuma ni na ba shi hanya."

Ya faɗi komai, bai rage ba, bai kuma ambaci sunan kowa ba sai nasa. Fuskar Baba ta yi ta sauyawa har jijiyar goshinsa ta miƙe.

"Wato kai ka buɗe wa ƙattin duniya ɗakin uwata? Suna kallonta, suna kallon 'yata? Tashi ka fita kafin in yi abin da zan yi nadama!"

"Bar shi." Muryar Kaka ce, siririya. "Yaro, kada ka yi mini ƙarya don in ci abinci. Wancan ya rantse ba na'ura ba ce."

"Kaka, ku ba ni izini in nuna muku."

Auta ta ɗauko kyamarar daga sito. Ya jona ta da wuta, ya haɗa ta da wayfay na gida, ya sa mata sabuwar kalmar sirri, ya ɗora ta a cinyar tsohuwar, ya ɗora tafukanta biyu a kai. Sannan ya fita tsakar gida da wayarsa.

Kirrr. Kan kyamarar ya juya a cikin hannuwanta. Kaka ta ƙanƙame, numfashinta ya tsaya, Auta ta rungume ta ta baya.

"Kaka," in ji kyamarar, "angonki ne. Na zo biko."

Kaka ta shafa abin, ta lalubo 'yan ramukan da muryar ke fitowa, ta kara kunne. Ta sa aka dawo da shi ya yi magana a gabanta, ta ji muryar biyu, ɗaya daga bakinsa ɗaya daga cinyarta.

"Wato wani ɗan zaman kashe wando ne a wata uwa duniya ya mayar da ni abin wasa?"

"Shi ne, Kaka."

"Allah ya isa tsakanina da shi! Har na yafe wa mutanen da ban yi niyyar yafe wa ba!" Ta miƙa hannu. "Ke Auta, ba ni zobena. Kuma shayin nan ya huce, a ɗumamo shi, a haɗo da burodi."

Auta na dariya tana hawaye. Baba ya juya baya yana goge ido da hannun riga. Amma da ya juyo, fuskar nan tana nan yadda take.

"Na gode da ka faɗa. Kada in sake ganin ƙafarka a gidan nan."

Ya tafi. Auta ta rubuta jarrabawarta da kumburarrun idanu. Saƙo ɗaya ya turo mata a tsawon lokacin: "Ko ba a ba ni ke ba, ina jin daɗi Kaka na cin abinci. Ki yi karatu, Malama Kashi Uku." Ta karanta shi ya fi a ƙirga.

Mai Turare ya dawo da sabon ƙarfi, yana ta cewa ai dama ya faɗa. Kaka da ta samu bakin magana ta tare shi a gaban Baba.

"Kai yaro, mabuɗin sirrin nan da aka ce, ka canza shi ranar da ka kafa abin?"

Ya fara kame-kame, ya ce ai yawanci ba a samun matsala. Baba ya daɗe yana kallonsa. Bayan ya fita, Kaka ta ce wa ɗanta, "Wancan ya rantse don ya tsira, ya bar ni da likkafani a hannu. Wannan ya san zai rasa yarinyar, ya zo ya durƙusa. Ni dai idona ba ya gani, kai da kake gani sai ka zaɓa."

Baba ya tashi ya fita. Sai da aka kwana biyu ya kira kamfanin intanet da kansa, ya ce a turo masa yaron nan, shi kaɗai.

Injiniya ya zo da jakarsa. Baba ya nuna masa rawutar, ya jawo kujera ya zauna daf da shi.

"Yi aikin nan daga farko, ina kallo. Komai ka taɓa ka gaya mini."

Ya yi. Ya ɗaure wa laftof adireshinta. Ya buɗe ƙofa ɗaya tak ya nuna wa ƙofar hanyar laftof ɗin. Ya nuna wa Baba maɓallin nan a kashe, ya canza kalmar sirrin rawuta da ta kyamara, ya sa Baba ya rubuta su da hannunsa. Gumi na ɗiga daga haɓarsa, amma bai tsallake komai ba. Ya gwada, ya sake gwadawa.

"An gama?"

"Yanzu kam an gama, Baba."

"Ranar nan me ya sa ka tafi ba ka ƙarasa ba?"

Ya sunkuyar da kai. "Tsoronku na ji."

Baba ya yi wani sauti da Auta, wadda ke laɓe a bayan labule, ta rantse dariya ce.

"To ka ji. Zan ba ka 'yata, kuma ba zan fasa ba ka tsoro ba, haka Allah ya yi ni. Amma duk ranar da ka sake jin tsorona, ka gama aikin da ke gabanka tukuna, sannan ka gudu. Ka turo manyanka."

An ɗaura auren bayan fitowar sakamako, Auta ta ci jarrabawarta da kyau. Kaka ta yi kwalliya ta fi amarya, zobenta a yatsa, tana gaya wa duk wanda ya zo gaishe ta cewa an yi mata ƙwacen miji da rana tsaka. Da za a tafi da Auta, ta haɗa hannuwansu biyu a cinyarta, inda ta taɓa riƙe kyamarar.

"Allah ya ba ku zaman lafiya, ya ba ku zuri'a mai albarka. Allah ya sa in ɗauki 'ya'yanku da hannun nan. Abin da kuka ji tsoro, Allah ya tsare ku daga gare shi, ya kuma ba ku zuciyar faɗa wa juna gaskiya ko tana da ɗaci."

Aka amsa da amin. Baba na tsaye a bakin ƙofa, ya dafa kafaɗar surukinsa ya matse. Injiniya ya ji tsoron nan ya taso masa, amma bai gudu ba. Ya tsaya har Baba ya gama, sannan ya kama hannun matarsa suka fita.